Aljihun Zariya: inda kuɗin gari ke fitowa da inda yake maƙalewa

Wanda ya hau mota a Ƙofar Doka zai je asibitin koyarwa na Shika, kafin ya sauka ya ratsa ƙananan hukumomi uku bai sani ba. Tudun Wada ta Zariya ce. Da ya haye gadar Kubanni ya faɗa Sabon Gari, kuma yana cikinta har PZ, Kwangila da Samaru. Shika kuwa ƙasar Giwa ce. A idon fasinja duk gari ɗaya ne, haka ma a wurin ruwan sama da sauro da ledar da iska ke kwasa. A takardar gwamnati kuwa babu wani abu mai suna birnin Zariya da ke da aljihu guda. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya mutum sama da dubu 400, ta ba Sabon Gari kusan dubu 290, kuma kowa ya san unguwannin da suka tsiro tun daga lokacin. Gari mai wannan girma a wasu ƙasashen yana da magajin gari da majalisa da kasafi nasa na kansa. A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta gwada ɗinke wannan ɓaraka da ta kafa hukumomin kula da birane uku, na Kaduna da Zariya da Kafanchan. Sai dai hukumar da jiha ta kafa, daga hannun jiha take ci.

Kafin a shiga batun inda kuɗi ke fitowa, a san abin da gari ke ci. Hidimar birni iri biyu ce. Akwai aikin da ake yi sau ɗaya a yanka zare, kamar titi da gada da matatar ruwa. Akwai kuma wanda ba ya ƙarewa: albashin malami, man motar shara, alam da kulorin, yashe lambatu kafin damina, sauya batirin fitilar titi. Na farkon ana iya cin bashi a yi shi, ko wani ya ba da kyauta. Na biyun dole sai da kuɗin da ke shigowa kowane wata babu fashi. Mafi yawan abin da ke damun garuruwanmu a nan yake, ana samun kuɗin gini, na riƙo ne babu.

Kason wata-wata

Babbar ƙofar kuɗin ƙaramar hukuma a Najeriya ita ce asusun tarayya. Kuɗin mai da na kwastan da harajin kamfanoni duk can suke taruwa, a zauna kowane wata a raba. Bayan an cire kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai an ba jihohin da ake haƙo shi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Harajin VAT da ake ɗorawa a kan sayen kaya da hidima, wanda ya koma kashi 7.5 tun 2020, rabonsa daban ne: ƙananan hukumomi na samun kashi 35, kuma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta ƙara wa jihohi daga 50 zuwa 55, ta rage na tarayya zuwa 10.

Inda birni ke cutuwa shi ne wajen rabon tsakanin 'yan uwa. Kashi 40 ana raba shi daidai wa daida ne, babba da ƙarami. Yawan jama'a kashi 30 kawai yake ja, sauran kuma ya tafi ga faɗin ƙasa da ƙoƙarin tara kuɗin shiga da ma'aunin makarantu da asibitoci. Wannan tsari ya yi wa karkara adalci, babu musu. Amma bai san cewa mutanen Soba da Kudan da Giwa da Makarfi suna wuni a kasuwar Sabon Gari ba, su yi amfani da titi da ban-ɗaki, su bar shara, da yamma su koma inda aka ƙidaya su. Bai san ɗaliban da ke cika Samaru da Kongo wata tara a shekara ba. Kuma har yau da lissafin 2006 ake aiki.

Kuɗin ma ba kai tsaye yake sauka ba. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, a nan ake fara zaftare albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya a matakin farko, fansho, kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Ƙaramar hukuma ta cikin gari ta fi kowa yawan makarantu da malamai, don haka ita ce albashi ya fi cinyewa. Abin da ke isa hannun ciyaman bayan wannan sau da yawa bai wuce na gudanar da sakatariya ba. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, aiwatarwar dai ta yi ta jan ƙafa. Ko da an aiwatar ɗari bisa ɗari, malamai suna nan, albashinsu yana nan. Hukuncin ya sauya hannun da ke riƙe da cokali ne, girman tukunyar bai ƙaru ba.

Kuɗin da Zariya ke haifarwa amma ba ta gani

Ana yawan buga misali da Legas. Jihar da ake cewa tana tara kimanin naira miliyan 600 a wata a 1999, ta tara sama da biliyan 800 a shekarar 2023. Sirrin ba tikitin kasuwa ba ne. Kaso mafi tsoka harajin albashi ne, wanda bankuna da kamfanoni ke cirewa tun kafin kuɗi ya shiga asusun ma'aikaci. Haraji ne mai sauƙin karɓa ƙwarai, domin wasiƙa ɗaya ga ma'ajin kamfani ta wadatar da mutum dubu. Legas ta ci riba biyu: hedikwatocin kamfanoni suna can, sannan jihar da birnin kusan abu ɗaya ne, abin da aka tara a gari a gari yake zama.

Zariya ba ta rasa masu albashi ba. Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, cibiyar nazarin sufuri, kwalejin ilimi ta tarayya da aka ɗaga zuwa jami'a, kwalejin Nuhu Bamalli, cibiyar binciken sinadarai ta Basawa, ta fata da ƙiraga a Samaru, ga bankunan PZ. A Arewa kaɗan ne garuruwan da suka tara ma'aikata haka. Amma doka ta ce harajin albashi na jihar da mutum ke zaune ne, don haka Kaduna yake tafiya. Na sojojin Depot, wato cibiyar horar da sababbin sojoji, da na barikin Basawa da 'yan sanda ma ko jihar ba ta gani, tarayya ke karɓa. Harajin ribar kamfani na tarayya ne. Lasin tuƙi da lambar mota da kuɗin fili na jiha ne. Doka ta ce jiha ta mayar wa ƙananan hukumominta kashi 10 na abin da ta tara, amma ba ta ce a mayar wa kowace gwargwadon abin da aka tatsa a cikinta ba.

A yi adalci, jihar Kaduna ta taɓuka a wannan fanni. Ta haɗe asusunta wuri guda a 2015, ta yi dokar da ta tattara haraji a kundi ɗaya a 2016, ta ɗora karɓa a kan hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. Kuɗin shigar jihar ya tashi daga ƙasa da biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Mai karanta irin waɗannan alƙaluma dai ya riƙa tambaya nawa ne a ciki ke dawowa kowace shekara, domin tsohon bashin harajin da aka ƙwato ko filin da aka sayar sau ɗaya ake cin su. Ga kuma sabuwar doka da ta yafe haraji a kan naira dubu 800 na farko na abin da mutum ke samu a shekara. Mai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 kusan ya fita daga layi ke nan. Alheri ne ga talaka, amma jihar da yawancin ma'aikatanta ƙanana ne za ta ji a jikinta fiye da Legas.

Tikiti

Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma ta karɓa da kanta yana cikin jadawali na huɗu na tsarin mulki da kuma dokar jerin haraji ta 1998: kasuwa, tasha, kwata, shago da tireda, allon talla, rajistar haihuwa da aure, lasin keke da amalanke da baro, har da lasin rediyo da talabijin wanda babu mai tunawa da shi. Tsintar gero ne a cikin yashi. Kowane ɗaya ƙanƙani ne, kuma sai an sa mutum ya tsaya a rana ya karɓa.

Ga yadda yake zurarewa. Ana ba ɗan rebenu kundin rasit mai ganye 100. Idan babu mai bin lambar rasit daga ɗakin ajiya zuwa banki, sai a buga wani kundin a gefe, kamanninsu ɗaya. Ko kuma a yi ciniki: tikitin naira 200, mai tebur ya ba da 100 ba rasit, kowa ya ji daɗi. Idan hukuma ta gaji sai ta sayar da tashar ko kasuwar ga ɗan kwangila a kan kuɗi ƙayyadadde a wata. A ce an yi da shi zai kawo dubu 500. Duk abin da ya tara sama da haka nasa ne, don haka ya ɗauko ƙarti ya ba su sanda da ƙusa. Hukuma ba za ta taɓa sanin ainihin abin da tashar ke bayarwa ba, shi kuwa ba zai faɗa ba. Rumfar kasuwa ma haka: kuɗin hayar da ke rubuce a littafi na shekarun baya ne, wanda aka ba rumfar ya daɗe da barin kasuwanci, ya sa ɗan haya yana karɓar ninki goma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane tikiti a kai shi ne nawa aka kashe kafin a tara naira ɗaya. Idan albashin masu karɓa da kuɗin buga rasit da man babur sun cinye rabin abin da aka samu, barin harajin ya fi alheri, ko a haɗe shi da wasu a riƙa biya sau ɗaya a shekara ta banki ko POS. Ga wani rashin adalci da ba a cika lissafawa ba. Mai sayar da tumatir da ke yankar tikitin naira 100 kullum, a kwana 300 ta biya dubu 30. Mai gidan bene mai shaguna 12 a bakin titi, wanda darajar gidansa ta ninka saboda kwaltar da gwamnati ta zuba, yana iya shekara bai ba gari ko sisi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Harajin da ke barci

Duk birnin da ya tsaya da ƙafarsa, idan aka bincika, a kan harajin gidaje da filaye ya jingina. A New York shi ne mafi girma cikin harajin da birnin ke karɓa. Dalilin a fili yake: gida ba ya gudu, ba a ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, kuma darajarsa na tashi ne da aikin da gari ya yi a kewayensa. Filin da ke bayan gari ba mai shi ne ya sa ya yi tsada ba, titi da wuta da makwabta ne.

Zazzau ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Tun kafin Turawa akwai kuɗin garma a kan manomi, kuɗin karofi a kan marina, kuɗin rafi a kan masu lambu, ga jangali. Turawa suka tarar da tsarin suka ɗora nasu a kai, aka kafa baitulmali, En'e ta riƙa biyan alƙalai da 'yan doka da duba-gari daga abin da aka tara a ƙasa. An sha azaba a ciki, an shanya mutane a rana, wasu sun bar gari saboda haraji, shi ya sa da gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979 talakawa suka yi murna, kuma suna da gaskiya. Amma akwai abin da ya tafi tare da shi: littafin mai unguwa, wanda ya san kowane gida da wanda ke cikinsa. Kuɗin mai ya maye gurbin, gwamnati ta daina buƙatar sanin mutanenta.

Tada harajin gida aiki ne mai hawa-hawa, kuma tsallake mataki ɗaya na rushe sauran. Da fari a ƙirga. Ana ɗaukar hoton gari daga sama, a zana kowane rufi a ba shi lamba, sannan matasa su bi lungu-lungu da waya suna tabbatarwa: ginin ƙasa ne ko bulo, hawa nawa, zama ake yi ko kasuwanci, akwai kwalta a ƙofa ko babu, akwai famfo ko babu. Sai ƙiyasta daraja. Tsohuwar hanya ita ce a tura ƙwararren mai kimanta gida ɗaya bayan ɗaya, wanda a gari kamar Zariya sai a shekara goma ba a gama ba, kuma kowane ƙiyasi ƙofar ciniki ce. Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce ta maki: faɗin rufi ya ba da maki na tushe, kwalta ta ƙara, ginin ƙasa ya rage, unguwar da ruwa ke ci ta rage. Freetown ta Saliyo ta bi wannan hanya a 2020 ƙarƙashin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr, gidajen da ke cikin rajista suka kusan ninkawa, kuma nauyin ya koma kan manyan gidaje. Bayan nan majalisa ta sa farashin maki, a buga takardar biya mai hoton gidan da bayanin yadda aka yi lissafi, a kai ta hannu da hannu, a biya a banki, a kuma buɗe teburin ƙorafi na wanda yake ganin an zalunce shi.

A ɗauki misali don a ga girman abin. A ce an rajista gini dubu 100 a faɗin garin, an yafe wa rabi saboda gidajen talakawa ne. Dubu 40 su biya naira dubu 10 a shekara, miliyan 400 ke nan. Manya dubu 10, wato otal da gidan mai da rukunin shaguna da gidajen hayar ɗalibai, su biya dubu 100, biliyan 1 ke nan. Lissafin zaure ne wannan, amma yana nuna abin da duk wanda ya yi aikin ya sani: kashi 10 na gine-gine ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Wanda ya fara da bin gidajen cikin ganuwa ya ɓata takalminsa, ya kuma tara wa kansa maƙiya a banza.

Wuraren da abin ke lalacewa sanannu ne. Cikin birni yawancin gidaje na gado ne, gida ɗaya magada 20, wasu a Kano wasu a Legas, takardar wa za a rubuta? Maganin shi ne a ɗora harajin a kan gidan, a miƙa takarda ga wanda ke ciki. Lunguna ba su da suna, gidaje ba lamba, dole a yi aiki da masu unguwanni. Gine-ginen gwamnati da masallatai da coci-coci ba sa biya, kuma Zariya gari ne da cibiyoyin tarayya suka mamaye manyan filayensa, don haka wani babban yanki ya fita tun kafin a fara. Sai rikicin wa zai karɓa. Tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma ƙiyasin harajin gidaje, amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, kuɗin fili da takardar mallaka suna wajen jiha ta hannun hukumar filaye, KADGIS. Legas ta warware nata a 2001 da ta haɗe su a takarda ɗaya, jiha ta karɓa a raba. Da ta yi ƙari mai yawa a 2018 aka yi ca a kanta, sai da ta sassauta, ta sake dokar a 2020. Akwai kuma tsufan rajista: a Ingila har yau da darajar gidaje ta 1991 ake lissafin harajin, saboda babu gwamnatin da ke son ta zama ita ce ta sabunta. Mafi wuya duka, waɗanda ya kamata su fi biya su ne masu lambar wayar wanda zai sa hannu. Idan takarda ta tsallake gidan babban mutum guda a layi, kowa a layin zai sani kafin la'asar.

Abin da ke sa mutane biya ba tsoro kaɗai ba ne. Idan aka ware wani kaso na abin da unguwa ta biya aka ce a nan za a kashe shi, aka kira taro a ƙofar mai unguwa aka zaɓi kwalbati ko fitila, aka liƙa lissafi a bango, shekara ta biyu karɓa na yin sauƙi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ruwa

Wasu hidimomin ana iya auna abin da kowa ya sha, don haka kuɗinsu ya kamata ya fito daga mai amfani. Biranen Afirka ta Kudu da cinikin ruwa da wuta suke riƙe kansu. A Zariya babu misalin da ya kai ruwa. Aikin da aka faro tun zamanin gwamna Namadi Sambo ya haɗa hannu huɗu: tarayya ta gina madatsar Galma, jiha ta gina matata mai iya tace lita miliyan 150 a rana wadda aka ƙaddamar a 2017, Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka suka ba da rancen manyan bututu da tankuna da na rarrabawa cikin unguwanni. A lissafin lita 100 ga mutum a rana, wannan ruwan mutum miliyan ɗaya da rabi ne.

Matata dai ba ta aiki da yabo. Kullum tana cin alam da kulorin, injinan turawa na cin wuta, in babu wuta su ci dizal. Kowace lita da ta fita an kashe mata kuɗi. Idan bututu ya fashe a ƙarƙashin titi, ko wani ya ja layi da dare, ko gida na biyan kuɗi ɗaya a wata ko ya sha bokiti ko ya buɗe gidan wanka da wankin mota, wannan ruwan ya tafi ba kuɗi. Daga nan sai zagayen ya kama: kuɗi bai shigo ba, ba a sayi dizal ba, ruwa bai zo ba, wanda ke biya ya daina, mai hali ya haƙa burtsatse ya fita daga layi gaba ɗaya. Mai halin nan kuwa shi ne ya kamata ya biya farashi mai tsada don a sauƙaƙa wa na ƙasa.

Masu cewa talaka ba zai iya biyan ruwa ba su yi wannan lissafi. A ce jarka mai lita 25 naira 100 ce a wurin ɗan garuwa. Lita 1,000 jarka 40 ke nan, naira 4,000. Da wuya a sami hukumar ruwa a ƙasar nan da ke sayar da lita 1,000 kusa da wannan farashi. Talaka ya riga ya fi kowa biya. Abin da ake buƙata shi ne mita a kan manyan masu sha tukuna, babbar mita a bakin kowace unguwa don a gane inda ruwa ke ɓacewa, farashi mai hawa wanda litocin farko ke da arha, da kuma tilasta wa ma'aikatun gwamnati su biya nasu, domin a wurare da yawa su ne manyan masu cin bashi.

Shara ta bambanta da ruwa a abu ɗaya. Wanda aka yanke wa famfo shi kaɗai ke jin ƙishi, wanda aka daina kwashe wa shara kuwa lambatu zai zuba, ambaliyar ta ci gidan maƙwabci. Shi ya sa biyan kuɗin shara gida-gida ke aiki a GRA amma ba ya aiki a unguwa mai cunkoso. A can dole harajin gari ya ɗauka.

Bashi

Titi da gada da bututu za su yi shekara 30 ana mora, babu laifi a raba biyansu a kan shekarun. Johannesburg ta Afirka ta Kudu ta sayar da takardun bashi a 2004, Legas ta sha yi. Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun bashi na tsarin Musulunci, a 2013 ta gina makarantu, tarayya ta bi sahu a 2017 da biliyan 100 na tituna, hanyar da ta fi kwanta wa mutanen nan a rai saboda batun riba. Dakar ta Senegal ta shirya nata takardun bashin tsaf a 2015, gwamnatin ƙasa ta taka birki ana dab da fitarwa. Ƙaramar hukuma a Najeriya kuwa ko kusa ba ta kai nan ba, domin mai ba da bashi littafin da aka bincika yake fara tambaya, da kuɗin shigar da zai iya dogara da shi.

Don haka jiha ke ci a madadin gari, kuma haɗarin yana cikin kuɗin da aka ci bashin da shi. Bankin Duniya ya amince wa Kaduna rancen dala miliyan 350 a 2017, lokacin dala na kusan naira 305 a farashin gwamnati. Ruwan bashin kaɗan ne, wa'adin mai tsawo. Amma bayan an bar kasuwa ta yanke farashin naira a 2023, dala ta haura naira 1,500. Kowace dala miliyan ɗaya da ta shigo a matsayin naira miliyan 305, a wannan farashin sai an nemo biliyan ɗaya da rabi a mayar da ita, alhali mai shago a Tudun Wada da naira yake biyan haraji. Kuma irin wannan bashi tun daga Abuja ake cire shi kafin kason wata ya iso. Bashi kuma yana iya kayar da gari: Detroit ta Amurka ta durƙushe a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18, bayan masana'antu da mutane sun watse sun bar mata tituna da fansho na garin da ya ninka ta girma.

Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada wa'adin bashi ya fi ran abin da aka saya da shi, kuma kada a ci bashi a biya albashi. Sannan duk aikin da za a ƙaddamar a rubuta kuɗin riƙonsa a kasafin shekara mai zuwa tun kafin a yanka zare. Fitilar titi mai aiki da hasken rana ita ce misali mafi kusa: turken zai yi shekara 20 a tsaye, batirin kuwa 'yan shekaru kaɗan yake yi, farantin kuma ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta rage masa ƙarfi idan babu mai hawa ya goge. Wanda ke son sanin ko layinsu zai ci gaba da haske, ya nemi kasafin hukumar da ta kafa fitilun, ya wuce shafin manyan ayyuka, ya duba ko akwai layin sayen batir da na mai tsani.